Laya a Bayan Ragon Ruwa

Tun ranar da Sarkin Ruwa Souleymane ya rantse ba zai ba mai koren kaki 'yarsa ba, Latifa ta daina cin abinci a gaban mutane. A gaban mutane na ce. Abin da take yi da kwanon idan ta shiga ɗaki tsakaninta da Allah ne, don dai har yau kumatun ba su faɗa ba.

Kuka kam tana yi, kuma na gaskiya.

Kada wani ya ɗauka tilasta mata ake shirin yi. Mutumin da ya sayar da jirginsa guda ya tura 'ya mace jami'a a Parakou, alhali rabin unguwar sarkawa ta Malanville na yi masa dariya, ba shi zai zo ya yi wannan ba. Cewa ya yi ta kawo duk wanda ranta ke so, ko ɗan zem mai haya da babur ne, ko mai wankin kamyo, motar ɗaukar kaya, a bakin duwan, wato kwastan. Mutum ɗaya tak ya cire a duniya, kuma shi ta kawo.

Dalilinsa tsoho ne. Tun Latifa na goye, wasu masu koren kaki, ma'aikatan ruwa da daji, suka tara taruna a bakin gulbi suka cinna musu wuta, wai idanunsu sun yi ƙanana, suna kwashe har 'ya'yan kifi. Nasa na ciki. Shi ya ce idon tarunsa bai yi ƙanƙanta ba, su suka ce ya yi, wuta kuwa ba ta tsaya sauraron shari'a ba. Tun daga nan ko koren bokiti ba ya so a tsakar gidansa.

Zahiru kuwa, wanda ta kawo ɗin, ɗan Guéné ne, gidan noman auduga da kiwon shanu. Karatu ɗaya suka yi da Latifa, na kula da albarkatun ƙasa: ruwa, daji, ƙasar noma da dabbobin da ke cikinsu. Ya riga ta gamawa, ya ci jarrabawar shiga aikin ruwa da daji, kaki na nan na jiransa. Abokan karatunsu wasu sun tafi gandun namun daji, wasu suna raba ruwa a fadamun shinkafa, wasu sun shiga ƙungiyoyin shuka itatuwa. Da ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan da an huta, amma ya ce tun yana yaro ya ga ana sare dajin bayan garinsu, ya yi alkawari.

Aibinsa ɗaya, kuma Latifa kaɗai ta sani. Ya san sunan kowane kifi da Faransanci, amma bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Idan sun hau jirgi, riƙe gefe yake yi da hannu biyu yana murmushi kamar mai ciwon haƙori, ita kuma tana girgiza jirgin da gangan.

Aikin kammala karatunta a kan tafkin hanyar Garou take yin sa, Zahiru na taimaka mata. Da ruwa ya janye, tafkin ya rabu da gulbi, suka kama manyan kifaye suka auna, suka maƙala wa kowanne 'yar alama ruwan ɗorawa a ƙayar baya, suka sake su. Idan aka kamo su ranar su, wato ranar da gari ke taruwa kamun kifi, sai a ga yadda suka girma. Ta nemi izinin mahaifinta kafin a fara. Bai ko ɗago daga ɗinkin tarunsa ba, ya ce su auna, in sun gama su auna iska ma. Bai je ya gani ba.

Bayan sun gama ne ya je ya kafa sanda mai daurin ciyawa a bakin tafkin, kamar yadda ubansa ya yi, da kakansa. Daga ranar ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar su, lokacin da shi zai fara shiga, kowa ya biyo baya. Sarautar ruwa ta yi rauni a wannan zamani, yara ba sa tuɓe takalmi idan sun gaishe shi. Abu biyu suka rage masa: wannan sandar, da tsohon goran iyo na mahaifinsa da ke rataye a zaure, wanda ko matarsa ba ta taɓa kai wa hannu ba. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, kuma ba wanda ya taɓa jin ya yi zancen.

To ana cikin wannan ne Oumarou ya shigo da ƙarfinsa.

Oumarou ɗan Gaya ne ta ƙetaren gulbi, mai fataucin albasa. Duk ranar kasuwa yana ƙetaro gada da kamyo, ga shadda mai maiƙo, ga turare da ke ƙoƙarin danne warin albasa, albasar na rinjaye. Ba mugu ba ne, sai dai yana jin duk abin da ya fi girma shi ya fi kyau. Ya kawo atamfa, Latifa ta ba ƙanwar babanta. Ya kawo salula, ta ce tata na aiki. Wannan Asabar sai ga shi da ragon ruwa ƙato, naɗe cikin buhu, yana ta wutsil-wutsil.

Kai kifi gidan Sarkin Ruwa, ai sai Oumarou.

Amma lokacin ya dace. Gulbi ya yi ƙasa, tafki a rufe, gidan ya kwana biyu bai ga irin wannan ba. Inna Zeinabu, mahaifiyar Latifa, ta sa albarka har Oumarou ya kai bakin titi. Ta kira Gwaggo Mairo, ƙanwar maigidan, suka zauna gindin dalbejiya da wuƙa da tasa.

Gwaggo Mairo ce ta fara gani. Wuƙarta ta tokari wani abu a ƙayar baya, ta ja, sai ga ɗan siririn abu ruwan ɗorawa, an soke shi cikin naman kifin, da baƙin rubutu ƙanana a jikinsa. Ta sake shi ya faɗa tasa, ta ja da baya tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa.

"Zeinabu, wagga laya ta," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Shekarata nawa ina hira kihi, ban taɓa ganin wanda yaz zo da rubutu ba."

Da farko Oumarou suka ɗora wa. Gwaggo ta ce daman ta ga idonsa, mutanen ƙetare ba a shan ruwa da su sai an duba ƙasan moɗa. Inna Zeinabu kuwa tana ta juya abin da tsinken tsintsiya. Can ta miƙe ta shiga ɗakin Latifa, ta fito da wata 'yar leda da ta taɓa gani a jakarta lokacin shara.

Cike take da irinsu. Launi ɗaya, rubutu iri ɗaya.

Kafin azahar an gama shari'a an yanke hukunci. Zahiru ne ya ba yarinya layu ta ajiye a ɗaki, sauran kuma ya zuba su a ruwa, duk kifin da ta ci sai ta ƙara mutuwa a kansa. Gwaggo ta ce shi ya sa yarinya mai hankali ta kasa ganin mai kamyo, ta liƙe wa mai babur ɗin aro. Inna ta fashe da kuka, ta tuna duk kifin da ta soya wa 'yarta da hannunta.

Latifa ta dawo daga bakin gulbi ta tarar da su uku a tsakar gida. Mahaifinta na tsaye, ledar na ƙasa a gabansa, an zagaye ta da toka.

Da ta gane abin da ake zargi, dariya ta kubce mata. Ta yi ƙoƙarin danne ta da gyale, ta ƙi dannuwa, har ta durƙusa tana riƙe ciki. Gwaggo ta dubi Inna ta ce ga shi nan, aikin ya fara hawa kai.

"Inna, aikin lakkwal na hwa, na makaranta," in ji Latifa tana share ido. "Ni da hannuna nas sa ma kihin..."

Sai ta tsaya.

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Alamun nan a tafki ɗaya kawai suka sa su a duk ƙasar Malanville, kuma tafkin ba shi da hanyar fita zuwa gulbi sai ruwa ya dawo. Kifi ba ya tafiya a ƙasa. In dai wannan ya iso gidansu, to wani ya shiga ruwan da mahaifinta ya rufe.

Ta dubi Gwaggo Mairo, wadda maganar da ta shiga kunnenta da safe takan kai Toumboutou kafin la'asar. Ta dubi mahaifinta, da furfurar da ta cika masa gemu. In ta yi shiru, Zahiru ya zama mai sammu har abada. In ta faɗa a nan, gobe duk kasuwa ta san sandar Sarkin Ruwa ba ta fi karan dawa ba. Yanzu kukan ya zo da gaske, ta roƙi a bar ta ta yi magana da Baba su biyu.

Ya shiga zaure, ta bi shi ta durƙusa a ƙarƙashin goran nan.

"Baba, tun da nike ban taɓa yi ma ƙarya ba."

"Shi ya sa nis sai da jirgi."

"To ka yi haƙuri da abin da za ni hwaɗi. Wallahi na hi son in haɗiye shi." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Abin ga ba laya ba ta. Lamba ta, kamar tambarin da Hilani ka yi ma shanu. Ranar da kac ce mu auna iska, ranar munka sa ma kihin tabki, don mu san girman da za su yi in an bar su sun huta. Zahiru yac ce hutun da kaka ba ruwa ya hi dut abin da anka koya muna, shina so a rubuta a gwada ma manya. Don kai munka yi, Baba. Amma kihin ga da anka kawo..."



Sarkin Ruwa ya dube ta. Ya tambaye ta ko akwai wani ruwa da suka sa wa irin wannan, ta girgiza kai. Ya sake tambaya ko ruwan sama ya yi da zai haɗa tafki da gulbi, alhali ya fi ta sanin bai yi ba. Ta ji kamar ta mayar da maganar cikinta.

"Baba, in ka ce in bar shi, ina bari nai. Ba ni auren kowa, amma ina bari nai. Sai dai kar ka bari a ce mai boka, bai ci wanga ba."

"Tashi ki wanke ido," ya ce. "A kira man su biyun, bayan la'asar."

Oumarou ya riga zuwa, ya sake shadda. Zahiru ya iso a babur ɗin aronsa, ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya zauna can gefen tabarma kamar wanda ya zo ta'aziyya. Latifa da Inna da Gwaggo suna bayan zana, kowacce ta samu kafar da ta dace da idonta.

Sarkin Ruwa ya fara da yaba kifin. Ya ce ya daɗe bai ga ragon ruwa mai ƙiba haka ba, ya tambayi Oumarou a ina ake samun irinsa a wannan rani.

Oumarou ya gyara zama, ya ji daɗi. Ya ce ai ba a kasuwa ake samunsa ba. Ya tambaya a gari ina kifin da ya fi kowanne, aka ce masa akwai wani tafki a hanyar Garou da wani tsoho ya hana shiga. Shi kuwa ya ce ba abin da zai yi wa Latifa tsada, ya samo samari biyu masu zuciya, suka shiga da sassafe. Har ya ƙara da cewa sandar da tsohon ya kafa ma sun rataya rigunansu a kanta, kuma in Baba na so, duk ranar kasuwa sai a kawo.

A bayan zana Gwaggo Mairo ta dafe ƙirji.

"Madalla," in ji Sarkin Ruwa. "Tsohon ga, kun san sunanai?"

Oumarou ya ce bai tambaya ba. Sai ya lura ba wanda ke dariya sai shi. Ya dubi goran da ke rataye, ya dubi tarunan da ke jingine, ya dubi gemun mai gidan, a hankali shaddar ta fara yi masa yawa. Haƙurin da ya bayar na gaskiya ne, har da rantsuwa bai sani ba, kuma an yarda bai sani ba. Sarkin Ruwa ya ce masa mutumin ƙetare baƙo ne, baƙo kuwa makaho ne ko da yana da ido, amma sunayen samarin nan zai bar su kafin ya hau gada. Ya bar su. Ya kuma bar takalminsa ƙafa ɗaya a bakin zaure, sai daga baya ya aiko.

Saura Zahiru.

Sarkin Ruwa ya juya ɗan abin ruwan ɗorawa a tafin hannunsa, ya ce masa da safe boka ne shi a gidan nan, yanzu ya ji an ce malami ne. Zahiru ya ce shi ɗalibi ne kawai. Sai tsohon ya kafe shi da ido.

"Gobe in ka sa kaki, ka ishe taru mai ƙanƙanen ido cikin jirgina. Mi za ka yi?"

Latifa ta runtse ido. A zuciyarta tana roƙonsa ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa, ƙarya 'yar ƙarama, Allah Mai gafara ne.

Zahiru ya ɗago kai ya dube shi.

"Sai in zaka in durƙusa in gaishe ka, Baba. In roƙe ka ka ba ni shi da hannunka."

"In na ƙiya?"

"Sai in ɗauke shi, in dawo in ƙara durƙusawa." Bai sunkuyar da kai ba. "Ba ni ƙona shi gaban mutane. Amma ba ni bari nai cikin ruwa. Kai ma da ka ga rigar mutum bisa sandarka, ko ɗan wa na, ba ka bari."

Inna Zeinabu ta kama hannun 'yarta ta matse. Shi ke nan, in ji Gwaggo a kunnenta, yaro ya yanka kansa da wuƙarsa.

Sarkin Ruwa ya miƙa masa 'yar alamar, ya ce ya adana, tun da ta yi aikin da jandarma ba su yi ba. Daga nan ya ce, kamar mai maganar farashin gishiri, magabatansa na Guéné su zo bayan ranar su.

Latifa ta cusa gyale a baki don kada ta yi ihu.

"Amma ka sani," tsohon ya ci gaba, "surukin Sarkin Ruwa ba ya tsayuwa bisa tudu ranar su. Ni ka hwara shiga, kai kana dama da ni, har tsakiya inda ƙahwa ba ta taɓa ƙasa. Can manyan da kunka sa ma lamba suke. Ka yarda?"

Ta kafar zana Latifa ta ga fuskar Zahiru ta koma irin ta cikin jirgi, murmushin ciwon haƙorin nan ya dawo. Ta san zurfin tsakiyar tafkin, ita ta auna shi. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ta.

"Na yarda, Baba."

Ya fita yana neman ramin makullin babur. Inna ta rangaɗa guɗa 'yar gajeruwa, Gwaggo ta ce ita daman tun farko yaron ya kwanta mata, ta figi gyale ta nufi ƙofa, don labari irin wannan ba ya jiran gobe. Ɗan'uwanta ya kira ta ya ce zancen baiko ta kai shi inda take so, zancen sanda kuwa in ya ji shi a waje ya san bakin da ya fitar. Ta ce ita ba ta ma ji wani zancen sanda ba.

Latifa ta rage tsaye a bakin zaure, tsakanin farin ciki da tsoro. In ta faɗi gaskiya ta kunyata Zahiru a ranar da aka ba shi ita, in ta yi shiru kuma ga tsakiyar tafki. Tana cikin wannan mahaifinta ya zo wucewa da butarsa zai yi alwalar magariba. Bai dube ta ba.

"Na gane shi cikin jirgi tun bara," ya ce. "Mai riƙon jirgi haka, ko cikin tasa nutsewa shika yi."

"Baba..."

Ya ɗaga haɓa ya nuna saman zaure.

"Sabko da goran ga ki wanke shi. Gobe da sahe ki kai mai, ki ce shi same ni bakin gulbi, wajen da ruwa bai wuce gwiwa ba."

Ta hau turmi ta miƙa hannu. Igiyar ta yi tauri don daɗewa, sai da ta sa haƙori kafin ta kwance. Goran ya sauko mata a ƙirji, ba nauyi, duk ƙura, wuyansa ya yi sumul inda hannun kakanta da na babanta suka riƙa kamawa.

Ta rungume shi ta zauna a kan turmin tana kuka, tana dariya. Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya tana tambaya ko yanzu za a ci kifin nan ko a'a, mai ya riga ya yi zafi.